Kafireta huɗu ko guda ɗaya: wanne ya fi wa mai tsohon Gold Wing a Jos?

Mai tsohon babur ɗin Honda Gold Wing ba ya daɗewa yana zirga-zirga tsakanin garejin Farin Gada da kasuwar Dilimi bai haɗu da wanda zai ce masa ya tuge kafiretocin nan huɗu masu haɗa wa inji mai da iska, ya ɗora ta mota guda ɗaya ya huta ba. Maganar ba shaci-faɗi ba ce. A Amurka, inda baburan suka fi yawa, an daɗe ana yin haka, kuma akwai masu doguwar tafiya da kafiretar Volkswagen a kan injin Honda lafiya lau. Abin da ke jefa mutane cikin asara shi ne yadda ake kawo zancen, kamar aikin yini guda ne da ɗan bututu da mai walda. Ni inda na tsaya: in kafiretocinka na asali suna nan cikakku, gyaransu ya fi maka. In sun ɓace ko sun fashe, guda ɗaya mafita ce mai kyau, amma ka shiga da sanin cewa sayen kafiretar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana kan manifol, wato bututun da za ta zauna a kai, kuma yanayin Jos ba ya raga wa wanda ya yi sakaci a nan.

Honda ta fara nuna GL1000, Gold Wing na farko, a baje-kolin babura na birnin Cologne a Jamus a 1974, ya shiga kasuwa a 1975. Injinsa silinda huɗu ne a kwance, biyu ta dama biyu ta hagu, cc 999, da lagireto kamar na mota, kuma shaf ne ke juya tayar baya maimakon sarƙa. A 1980 GL1100 mai cc 1085 ya gaje shi, sai GL1200 mai cc 1182 daga 1984 zuwa 1987. Dukkansu kafireta huɗu ƙirar Keihin gare su, in aka cire 'yan tsirarun GL1200 na 1985 da 1986 da suka zo da injekta. Abin nan mai kama da tanki a gaban mai tuƙi murfi ne kawai, a cikinsa iyakilina, wato gidan filtar iska, take da kayan wuta da robar ruwan lagireto. Tankin gaskiya, mai cin kusan lita 19 a GL1000, yana ƙarƙashin sit, shi ya sa babur ɗin yake da famfon mai. Ɗan ramin da ke ƙarƙashin tankin bogin, tsakanin ƙarafan firam, shi ne duk filin da kafireta ɗaya za ta samu, ita da filtarta. Ka auna shi da tef kafin ka sayi komai.

Dalilin da mutane ke gajiya da huɗun a fili yake. An ɗaure su ne biyu-biyu a jikin wani akwatin alminiyam da ke tsakiya. Iska ta cikinsa take bi, mai ma ta wasu hanyoyi da aka huda a jikinsa yake rarrabuwa. Akwatin ɓari biyu ne da roba a tsakani, kuma robar da ta shekara arba'in ta bushe, sai mai ya riƙa yoyo yana gangarawa cikin silinda, mai babur yana ta canza fulot, wato abin da ke tsayar da mai in kofin kafireta ya cika, alhali ba nan cutar take ba. Ga ƙananan jet na silo, wato 'yan tagulla masu huji da ke ba inji mai in yana aiki ba a murɗa totur ba, waɗanda in ka ɗaga ɗaya ka saita shi da rana, da ƙyar za ka ga haske ya ratso ramin. In aka jingine babur wata biyu ko uku da mai a ciki, man ya bushe ya bar danƙo, shi ke nan sun toshe. Tankin na ƙarfe ne, ya tsufa, yana sako tsatsa. Ga man 'yan bumburutu da aka juye daga jarka zuwa galan, ga ƙurar hunturu. Kuma kowace matsala sau huɗu take zuwa: fulot huɗu, allura huɗu, jet sama da goma.

Sai kuma hannun da ke taɓa su. Bakaniken babur na unguwa gwani ne a kan Bajaj da Jincheng, masu kafireta ɗaya da ake kwancewa a wanke a mayar cikin 'yan mintuna. In ka kai masa Gold Wing, da wannan ilimin zai tunkare shi. Zai zura silin wayar birki cikin jet ya faɗaɗa ramin, ya goge fistan ɗin kafireta da samfefa, ya shafa gam a inda ya kamata a sa sabuwar roba, ya haɗa fistan ɗin ta ɗaya da murfin ta uku, sannan ya saita silo da kunne. Kafireta huɗu kuwa sai an daidaita su da agogon auna zuƙar iska har kowace silinda ta ja daidai da 'yar'uwarta. In ba haka ba, injin zai yi ta karkarwa a silo, ka ji wani ƙaran-ƙaran daga wajen kuloc kamar abu ya kwance, alhali lafiyarsa ƙalau. Bayan gyaran gangar Auzinawa irin wannan sau biyu ko uku, sai a yanke hukunci cewa kafiretocin sun mutu, ba a kuma tambayar wa ya kashe su.

In suna da lafiya, abin da suke bayarwa ba kaɗan ba ne. A wannan nau'i na Keihin, totur ba ya ɗaga fistan kai tsaye. Kai faranti kawai kake buɗewa, zuƙar injin ce ke ɗaga fistan da allurarsa gwargwadon iskar da injin ke iya sha a lokacin. Wannan tsari yana rage shaƙewa in ka murɗe totur farat ɗaya, kuma yana ɗan daidaita kansa in iska ta canza kauri, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke hawa da sauka tsakanin Jos da Abuja. Kowace kafireta tana daf da silindarta, man ba ya yin doguwar tafiya, don haka babu buƙatar ɗumama komai. Da su ne GL1000 ke ba da ƙarfin doki kusan 80 a juyi 7,500 a minti, kuma lafiyayye yakan ci kilomita 15 zuwa 17 a lita ɗaya a kan hanya. Na 1975 zuwa 1977 suna da ɗan jinkiri in za ka tashi daga silo, sanannen hali ne nasu, kuma ana rage shi da saiti. Robobi da gaskit ɗinsu har yau ana ƙera su a waje, ana yin odarsu ta intanet, sai dai da dala. In kayan sun iso, robobin kawai za ka sa. Jet da allura na tagulla da Honda ta sa tun asali sun fi waɗanda ke zuwa cikin ledar kayan araha daidaito, a wanke su a mayar.

Ita ma guda ɗayar tana da nata alherin, kuma na gaske ne. Fulot ɗaya, babban jet ɗaya, na silo ɗaya, ramukansu sun fi na Keihin faɗi, suna jure ɗan datti. Babu zancen daidaita huɗu. Noti biyu da tiyo da waya za ka kwance ka ɗauke ta, alhali ciro huɗun daga ƙarƙashin firam aiki ne na haƙuri da fasa yatsu. Kafiretar mota tana da ɗan famfo da ke feshin mai in ka murɗa totur, wanda GL1000 ba shi da shi, shi ya sa masu juyin sukan yaba da yadda babur ke tashi daga tsaye. Abin da ya fi duka nauyi a ƙasarmu shi ne mai gyara. A 1975 aka fara haɗa Volkswagen a Ojo ta Legas da Fijo a Kaduna, masu amfani da Solex, don haka akwai dattawan kanikawa a kusan kowane gari da suka tashi a kan kafiretar Solex. In ta tsaya maka a Akwanga ko Keffi, za ka sami wanda ya san ta. Keihin huɗu kuwa sai dai ka nemi motar da za ta ɗauko babur mai nauyin sama da kilo 260.

To wace kafireta? Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tunda ɗaya za ta tsaya a madadin huɗu, bari a nemo ƙatuwa. A inji mai silinda huɗu, silinda ɗaya ce ke zuƙa a lokaci guda, bi da bi suke yi. Ƙatuwar kafireta a kan ƙaramin inji tana sa iska ta bi maƙoshinta a sanyaye, ba ta da ƙarfin jawo mai, sai babur ya riƙa shaƙewa a cikin gari. Saboda haka ta Fijo 504, da aka yi wa injin da ya kusa ninka naka, ba ta dace ba, ko da ita ce ta fi sauƙin samu a Dilimi.

Wadda aka fi amfani da ita ita ce Solex ta Volkswagen Beetle: 30 PICT ta ƙananan injina, ko 34 PICT-3 ta mai cc 1584. Lissafin mai sauƙi ne. Injin Beetle na 1584 yana kai ƙarshen ƙarfinsa a wajen juyi 4,000. Iskar da yake sha a nan ita ce injin cc 999 zai sha a wajen juyi 6,300. Ke nan 34 ɗin za ta ciyar da GL1000 ba gardama har zuwa nan, daga nan sai numfashi ya fara gaza, kuma ƙarfin nan na sama da Honda ta ajiye a 7,500 ka yi sallama da shi. Shin kana buƙatarsa? Mai tafiyar kilomita 100 zuwa 120 a awa a giya ta biyar bai kai juyi 5,000 ba. Inda za ka ji rashin shi ne lokacin da ka fito za ka wuce tirela biyu a jere, da goyo da kaya, ka sauko giya ta huɗu kana neman babur ya yi tsalle. Ita 30 ta fi kaifi a cikin gari amma ta fi saurin gajiya a sama. Ga GL1100 da GL1200 ni 34 zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

In za ka sayi tsohuwa, ka kama sandar da farantin totur ke juyawa a kai, ka girgiza ta sama da ƙasa. In tana motsi har kana jin ƙas-ƙas, gurbinta ya cinye, iska za ta riƙa shiga ta nan, kuma babu saitin da zai ba ka silo mai kyau. Ka duba gindinta a kan gilashi ko ya lanƙwashe saboda ɗaurin ganganci. Sababbin da ake kawowa daga China suna da araha, amma sa'a ce: wata ta yi aiki daga kwali, wata sai an wanke ɓarɓashin ƙarfe daga cikinta an sake auna jet ɗinta.

Akwai kuma masu maƙoshi biyu, waɗanda ƙarami ke aiki a tafiyar yau da kullum, babba ya buɗe in ka matsa. A ka'ida su suka fi dacewa, don suna ba da ladabi a ƙasa da numfashi a sama. Weber 32/36 ce sananniya, sai dai an yi ta ne don injina masu lita 1.6 zuwa 2, tana da tsada, kuma shigar da ita ramin nan sai da dabara. Hitachi ta Datsun 120Y mai cc 1171, ko Aisan ta tsofaffin Corolla da Starlet masu lita 1.3, sun fi kusa da girman injin. Matsalarsu samun jet masu lamba daban-daban, ga tulin ƙananan tiyo a jikin na baya-bayan nan, wanda duk wanda aka manta ba a toshe ba ƙofar iska ce.

Yanzu ga inda aikin yake. Kafiretar tana zaune a tsakiya, silindojin suna can gefe da gefe, don haka haɗin mai da iska sai ya sauko, ya yi kwana, ya bi dogon bututu, ya sake kwana kafin ya isa bawul. Iska tana shan kwana ba wahala. Ɗigon mai ya fi ta nauyi, sai ya bugi bango ya kwanta. Injin Gold Wing kuma yana tashi ne a jerin 1-3-2-4, ga shi 1 da 3 suna dama, 2 da 4 suna hagu. Wato dama ta ja sau biyu a jere, hagu ta ja sau biyu. In ɗakin da ke ƙarƙashin kafiretar ya karkace, ko hannu ɗaya ya fi wani tsawo, ko mai walda ya bar tsiron ƙarfe a ciki, wata silinda za ta ƙoshi wata ta kwana da yunwa. Ka ciro fulogi huɗu ka jera su a kan tsumma: biyu baƙi ƙirin da kunkunniya, biyu fari fat. Duk yadda ka juya sukurun saiti, gyara wa waɗannan ɓata wa waɗancan ne, domin kafireta ɗaya ba ta da hanyar ba kowa nasa. Farin fulogi kuwa shi ne mai ƙona bawul.

Saboda haka hannuwan huɗu su zama tsawo ɗaya, kwanarsu mai laushi, cikinsu a goge. Kada faɗinsu ya wuce na bakin da ke jikin kan silinda, don bututu mai faɗi yana rage gudun iska, man ya zube. Ɗakin tsakiya ya zama ƙarami, ƙasansa ba mai rami ba, kada mai ya taru. Dabara mai kyau ita ce a bar gwiwoyin alminiyam huɗu na asali a inda suke, a haɗa sabon bututu da su da tiyo mai jure fetur, wanda zai shanye girgiza da buɗewar ƙarfe in ya yi zafi. Kafiretar ta zauna daidai wa daida, a duba da ma'aunin magina babur yana kan jak ɗin tsakiya. Kwana a kan titi ba ta dame ta, man da ke cikin kofinta yana bin jikin babur ɗin ne. Jak ɗin gefe ne ke karkatar da ita, kuma in akwai man da ya taru a manifol, hagu zai gangara, ka tayar da safe silindojin hagu suna tari.

Da me za a ƙera? A waje akwai masu yi da bututun roba na famfo. Ban ba kowa wannan shawara ba: zafi da fetur suna lausasa shi, kuma in inji ya yi atishawa ta baya zai iya tarwatsewa, ga mai ga wuta a tsakanin cinyoyinka. Bututun jan ƙarfe yana ɗaukar zafi da kyau, amma in da dalma aka liƙa shi girgiza za ta tsaga haɗin, sai da waldar tagulla. Masu zubin tukwane za su iya zuba maka na alminiyam mai kyan gani, sai dai zubin yashi yakan fito da ƙananan huji da ido ba ya gani. Bututun ƙarfe marar kauri sosai, da mai waldar gas ko ta agon mai natsuwa, shi ya fi kwanciyar hankali. Ko da me aka yi, kafin a ɗora a toshe bakunan, a hura masa iska, a tsoma shi a ruwa kamar yadda mai faci ke yi wa tif. Kumfa ɗaya ta isa a mayar wa mai walda.

Sannan ɗumi, wanda shi ne abin da aka fi tsallakewa. Fetur in yana zama tururi yana zuƙe zafi daga abin da ke kewaye da shi. Haɗe da faɗuwar matsin iska a maƙoshin kafireta, wurin yakan fi iskar waje sanyi da digiri 20 ko fiye. Sa hannu a ƙarƙashin manifol marar ɗumi bayan tafiyar minti goma, za ka ji shi kamar an ciro daga firij, yana naso. Volkswagen ta san haka, shi ya sa ta haɗa wani siririn bututu daga salansa ya bi ƙarƙashin manifol ɗin Beetle. Wanda ya ɗauko kafiretar ya bar wannan dabara, rabin tsarin ya ɗauko.

Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, kuma sanyinta iri biyu ne, kowanne da irin ɓarnarsa. Na hunturu, Disamba da Janairu, busasshe ne. Ba ya kawo ƙanƙara a cikin kafireta sosai, amma manifol mai sanyi yana sa mai ya kwanta a bango, babur ya yi ta tari har ka wuce Bukuru. Na damina, Yuli da Agusta, shi ne mugun: iska mai sanyi cike da laima, hazo a kan duwatsu. A irin wannan rana ruwan da ke cikin iska yana daskarewa a bakin farantin totur, ya toshe hanyar silo, ko da ma'aunin zafi na waje yana nuna digiri 18. Ka ɗauka ka wuce Riyom kana gangara Hawan Kibo, totur a rufe, injin yana riƙe maka babur. Lokacin ne ƙanƙarar ta fi samun dama. Ka kama kuloc a wata kwana don canza giya, injin ya mutu, ga babbar mota a bayanka. Ka tsaya minti biyu zafin inji ya narkar da ita, babur ya tashi kamar ba abin da ya faru, bakanike ya duba bai ga komai ba.

Maganin yana kusa, tunda injin na ruwa ne kuma bututan ruwan zafi suna bi ta samansa. A walda ƙaramin akwati a ƙarƙashin ɗakin tsakiya, a ratsa ruwan lagireto ta cikinsa ya koma. A nan sai na yi tsokaci kan al'adar kanikawanmu ta cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi zafi, da sunan wai ƙasarmu da zafi. A Jos, babur marar tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ruwan da za ka ratsa ta manifol ɗin ma ɗumi-ɗumi ne kawai. A mayar da shi.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da wuya, amma kowanne yana iya ɓata aikin. Totur na asali waya biyu gare shi, mai ja da mai mayarwa. A juyi galibi ɗaya ake bari, don haka sifirin mayarwa ya zama mai ƙarfi, kuma a juya kan babur dama da hagu a tabbatar silo bai tashi ba. Cok na Solex na lantarki ne, a ba shi wutar da ke zuwa in an kunna makulli. GL1100 yana da tiyon da ke ɗauko zuƙa daga kafireta don gyara lokacin wuta, a nema masa bakin da ya dace a jikin sabuwar. Tiyon numfashin inji ya koma cikin filta. Filtar kuwa ta zama ta gaske, ba raga da soso ba, in ba haka ba hunturu ɗaya ya isa ya ci zoben fistan.

Saitin jet yana buƙatar haƙuri. Iskar Jos ta fi ta bakin teku sirantaka da sama da kashi 10 cikin 100, Abuja kuwa tsayinta bai kai rabin na Jos ba. Bambancin ba zai hana ka tafiya ba, kuma zafin Abuja yana rage shi. Haɗarin yana ga wanda ya matse mai a Jos har ƙarshe don tsimi, sannan ya sauka ƙasa inda iska ta fi kauri, ya riƙe totur awa biyu. A bar saitin da ɗan yalwar mai a Jos, fulogi ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, kuma a duba duka huɗun, ba ɗaya ba.

Zancen tsimin mai kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 shi ne abin da ake fara tallata juyin da shi. Kada ka gina shawararka a kansa. Inji yana shan mai ne gwargwadon aikin da yake yi, ba gwargwadon yawan kafiretocinsa ba. Wanda ya ce shan mansa ya ragu bayan juyi, yawanci da kafiretoci masu yoyo yake kwatantawa. Juyi mai kyau yakan zo kusa da na asali, marar ɗumi kuwa ya fi shi sha, don dole ka ƙara mai ka rufe wanda ke kwanciya a bango. Ta fuskar kuɗin aiki ma, kafiretar Beetle ta fi kayan gyaran Keihin araha, amma ka haɗa da bututu, walda, tiyo, filta, jet na gwaji, da yiwuwar manifol na farko ba zai yi ba sai an sake.

Kafin duk wannan, a tabbatar kafireta ce ke da laifi. Wani dattijon bakanike da na sani, in aka kawo masa irin wannan babur da zancen juyi, ba ya ko kallon kafiretar. "Alhaji, yaushe rabon a canza bel ɗin taimin?" In mai babur ya ce, "Wallahi Baba, tun da na saya ban taɓa ba," sai ya ce a kashe injin tukuna. Yana da gaskiya, domin a wannan inji in bel ya tsinke fistan da bawul karo suke yi. Bayan bel sai a auna matsin kowace silinda, a saita bawul, wanda a GL1000 milimita 0.1 ne inji yana sanyi, a duba kwantak biyu da lokacin wuta, a gwada kwayil da wayoyin fulogi, a wanke tanki a sa sabuwar filtar mai. Da yawa daga cikin baburan da ake zargin kafiretocinsu a nan suke warkewa. Wanda bai warke a nan ba saboda matsin silinda ya faɗi, kafireta ɗaya ma ba za ta tashe shi ba.

In an wuce wannan mataki, zaɓin ya rage ga halin da kake ciki. Mai babur cikakke, wanda ke hawansa kowane mako, yake son gudunsa na asali, ko yake tunanin sayarwa wata rana, ya yi odar robobi, ya sayi agogon daidaitawa ko ya haɗa nasa da siririn tiyo da man giya, ya zauna da bakanike ɗaya mai natsuwa su bi littafin gyara shafi-shafi. Wanda ya sayi babur ba kafireta, ko akwatin tsakiya ya tsage, ko an riga an lalata ramukan da waya, ko yake yawan shiga garuruwan da ba mai taɓa Keihin, ya yi juyin, da bututun ƙarfe, da ɗumin ruwa, da Solex mai lafiyayyar sanda. Kada a yanka firam ko tankin bogi don a sama mata wuri. Tsofaffin huɗun kuma, ko a wane hali suke, kada a bar su a gareji yaran shago su kai wa 'yan gwangwan. A tsiyaye man da ke ciki, a fesa musu ɗan man inji, a ɗaure a leda tare da iyakilina da wayoyin totur, a kai gida.